Iya Ruwa Fid da Kai: Tsakanin Kasada, Ganganci da Ƙaddara

Shin ya dace mutum mai hankali ya jefa kansa cikin hatsari, ba don neman abinci ba, ba don ceton rai ba, sai don nishaɗi kawai? Tambayar tsohuwa ce, amma abin da ya sake taso da ita a majalisun hira na Dogarawa da Samaru da Sabon Gari shi ne irin hotunan da matasanmu masu fita ƙasashen waje karatu ko aiki kan dawo da su a wayoyinsu. Sai ka ga mutum shida ko takwas cikin kwale-kwalen roba, kowa da hular kwano, kogi yana wurgi da su a tsakanin duwatsu, su kuwa suna ta shewa. Dattawa in sun kalla sukan girgiza kai su ce mutum ya je ya sayi mutuwa da kuɗinsa. Matasa kuma su ce ai wasa ne, kuma jarumta ce.

Mun ga ya kamata mu ɗan tsaya mu auna wannan magana a wannan fitowa, domin kuwa idan aka bi ta a hankali, ba a kan masu wasan za ta tsaya ba. Za ta biyo mu har gida.

Yadda ake yin wasan

Bari mu fara da bayyana wa mai karatu yadda yinin yake kasancewa, don kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu fahimta ba. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shahara da wannan wasa a duniya yana nan Afirka, a kan Kogin Zambezi, tsakanin ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe. A can ne matsirgar ruwan nan ta Biktoriya take, wadda mutanen wurin ke kira Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Faɗinta ya kai kilomita 1.7, zurfinta kuma ya ɗara mita 100. Da zarar ruwan ya zubo, sai ya matse cikin wani kwazazzabo mai suna Batoka, ya riƙa gangarawa da gudu a kan duwatsu yana kumfa fari fat. Irin waɗannan gangarori sun fi ashirin, kowace da lambarta, kuma tun farkon shekarun 1980 'yan yawon buɗe ido ke biyan kuɗi a ratsa da su.

Da sassafe ake tara mutane. Kafin kowa ya taɓa ruwa, sai jagora ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla. A ba kowa rigar ceto, a ɗaure masa ita tamau, a ba shi hular kwano da filafili. A gaya masa idan ya faɗa ruwa kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine, ya miƙa ƙafafunsa wajen da ruwan ya nufa don su tare masa duwatsu. A nuna masa igiyar da ke kewaye da kwale-kwalen, da yadda ake cafko abokin tafiya ta kafaɗar riga a jawo shi ciki. Sannan a gangara cikin kwazazzabon da ƙafa, a yi gwaji a ruwa mai sanyin gudu, har sai jagora ya gamsu kowa yana jin umarni. Ban da wannan, akwai gwanaye a cikin 'yan ƙananan jirage masu cin mutum ɗaya da ke wucewa gaba su tsaya, aikinsu kawai su tsamo wanda ya faɗa.

Masu wannan sana'a sun kasa gangarorin ruwa daraja shida. Ta ɗaya wasan yara ce, ta biyar sai gwani, ta shida kuwa ba a shiga ta da fasinja. A Zambezi, idan aka iso gangara mai lamba 9, a al'ada kowa sauka yake yi a zagaya ta gefe a ƙasa. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da la'asar a haura kwazazzabon, jiki na rawa don gajiya, a ci abinci, kowa ya kama gabansa.

Hujjar masu suka

Dattawan da ke sukar wannan wasa ba su rasa hujja ba. Na farko, rai amana ne. Mutum bai halicci kansa ba, kuma a bayansa akwai uwa da mata da 'ya'ya masu haƙƙi a kansa. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa shi kaɗai ba ya kai shi bakin halaka don ya ji daɗin bugun zuciya, dole a tambaye shi dalili. Na biyu, akwai batun dukiya. Kuɗin yini guda a Zambezi ya haura dala 100, abin da zai ciyar da gida na tsawon makonni a Dogarawa. Na uku, akwai abin da hoton ba ya nunawa. Kwale-kwalen da kayansa 'yan dako ne, mutanen ƙauyukan wurin, ke sauka da su cikin kwazazzabon a ka, su kuma hauro da su kullum. Abin da baƙo yake yi sau ɗaya ya ba da labari shekara da shekaru, shi ne wahalar yau da gobe ta wani.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk wanda zai shiga irin wannan wasa ya kamata ya amsa su a zuciyarsa. Sai dai kada mu yi saurin cewa son hatsari ɗabi'ar Turawa ce. Mu ne masu dambe, inda ake naɗe hannu da zare a kai wa mutum naushi har ya faɗi. Mahautanmu suna da hawan ƙaho. Gardawa suna wasa da kura da maciji. Maƙwabtanmu Fulani suna da sharo. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asalin shahararsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana tseren kwale-kwale da gasar nutso. A Yawuri akwai bikin Rigata. Ashe ɗan Adam ko'ina yake yana son ya gwada zuciyarsa ya ga inda ta tsaya. Abin tambaya shi ne, wane gwaji ne jarumta, wane ne ganganci?

Jarumta da ganganci

Masana halayyar ɗan Adam tun daga Aristotal na Girka har zuwa Imam Gazali sun tafi a kan cewa jarumta tsakiya ce tsakanin halaye biyu marasa kyau, wato ragwanci a gefe guda, ganganci a ɗaya gefen. Rago yana gudun abin da bai kamata a guda ba. Mai ganganci yana afka wa abin da bai auna ba. Jarumi kuwa ya san girman abin da ke gabansa, ya yi masa shiri, sannan ya san inda zai ja da baya. Bahaushe ya taƙaita wannan duka da cewa iya ruwa fid da kai. Wato ba a auna gwanin ruwa da zurfin da ya shiga, da fitowarsa ake auna shi.

Tarihin ƙasarmu ya ajiye mana misali a kan irin wannan mahaukacin ruwa. A Kogin Kwara, daura da tsohon garin Busa, akwai gangarori masu duwatsu da suka daɗe suna cin jirage. Baturen nan Mungo Park ya taso daga Gambiya a 1805 da Turawa wajen arba'in, da nufin ya bi kogin har inda ya ƙare. Zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su a hanya. Lokacin da ya haɗa jirginsa a Sansanding, a ƙasar Mali ta yanzu, ya tashi a watan Nuwamba, su biyar kaɗai suka rage. Duk da haka bai juya ba. Ya riƙa wuce garuruwa ba ya tsayawa gaisuwa ko biyan kuɗin fito, wanda ya matso kusa a harbe shi. A Yawuri jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba mai nuna masa hanya. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, mutane na kai masa hari daga gaɓa, shi da abokansa suka faɗa ruwa, ba a sake ganinsu ba.

Bayan shekara 24, a 1830, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Busa. Suka zauna da sarakunan yankin, suka nemi izini, suka shiga kwale-kwalen mutanen wurin da matuƙansu, suka bi kogin har teku. Kogin ɗaya ne. Littattafan makaranta sun fi ɗaukaka sunan Park, amma idan da ma'aunin Bahaushe za a auna, waɗanda suka fita su ne suka iya ruwa.

To idan muka ɗora jagoran Zambezi a wannan sikeli, wanda yake sauke fasinjojinsa a gangara ta 9 ya ce a taka a ƙasa, a wane gefe zai faɗa? Mutumin nan ya fi kowa sanin ruwan, kuma saninsa ne ya sa ya ce nan ba a shiga. Baƙon da ya biya kuɗi yana zaton hatsari ya saya, alhali yawancin kuɗinsa a kan kariya suka tafi: riga, hula, igiya, jagora, masu ceto. Ana samun karaya, wani lokaci ma akan rasa rai, domin ruwa ba abokin wasa ba ne. Amma ba za mu iya kiran mutumin da ya ɗauki duk waɗannan matakai mai ganganci ba, sai dai mu ce da shi mai kasada. Hukuncinmu a kansa ke nan: idan ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya zaɓi masu sana'ar da suka san aikinsu, ya bi umarni, to laifinsa bai fi na ɗan dambe ko mahayin dokin sukuwa ba.

Ruwanmu mai kwanciya

Yanzu sai mu juyo gida, domin nan ne maganar take da nauyi. Duwatsun da suka ci Mungo Park ba a ganinsu yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da gangarorinta, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Mahaukacin ruwa ya zama shimfiɗaɗɗe, ya kwanta luf. Da hankali zai ce an huta da asarar rayuka ke nan.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga Jihar Neja ya nufi Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, a kan wannan ruwa mai kwanciya. Yana ɗauke da mutum sama da 150, da yawansu mata da yara, ga kuma kaya. Jirgin ya dare a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Bayan wata shida, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29, mafi yawansu ƙananan yara. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi ta Jihar Kwara, 'yan biki da ke komawa gida cikin dare suka nutse, mutum fiye da 100.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da ya fita neman nishaɗi a cikin hatsari. Kasuwa za su, ko makaranta, ko gida. Kuma dalilan da ake bayarwa bayan kowane hatsari kusan iri ɗaya ne: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa katakonsa ya ruɓe, an yi tafiyar dare ba fitila, an ci karo da kututturen itacen da ruwa ya rufe, babu rigar ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta sha nanata dokar hana tafiyar dare da wajabta sa rigar ceto. Dokar tana nan a takarda, mashigai kuwa suna da yawa.

Mai karatu ya dubi wannan bambanci da kyau. A can, mutum takwas masu ƙoshin lafiya sun shiga ruwan da ke hauka, an ba kowa riga, an sa masu gadinsu. A nan, yara hamsin da ba su iya iyo ba sun shiga ruwan da ke kwance, ba a tanadar musu ko gora ɗaya ba. Su wa suka yi wasa da rai? Mu kan yi wa na farko dariya mu ce ya sayi mutuwa, na biyu kuma mu ce kwana ne ya ƙare, mu shafa fatiha mu watse.

Ƙaddara ba mafakar sakaci ba ce

Mun yi imani babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma wannan imani bai taɓa zama izinin sakaci ba a wurin magabata. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Haka kuma lokacin da Sayyadina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Ƙaddara kalma ce ta haƙuri, ana faɗa wa wanda aka yi wa rashi don zuciyarsa ta yi sanyi. Idan mai jirgin da ya ɗora mutum 150 a inda ya kamata ya ɗora rabinsu ya karɓe kalmar ya rufe kansa da ita, to ya saci abin da ba nasa ba.

Wani zai ce talauci ne, ina talaka ya ga kuɗin rigar ceto? Akwai gaskiya a ciki, kuma babban nauyi yana kan hukuma, wadda ya kamata ta gina gadoji, ta samar da jiragen fito masu inganci, ta tumɓuke kututturan da ke hanyar ruwa. Amma ƙirga fasinja ba ya cin kwabo. Jiran gari ya waye ba ya cin kwabo. Kakanninmu da ba su san roba ba suna haye kogi rungume da gora, kuma kowane mashigi yana da Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi wanda idan ya ce yau ba a fito, ba mai fita. Sarkawa sun san ranar da ruwa ke karɓar baƙo da ranar da ba ya karɓa. Wannan ilimi shi ne dai irin na jagoran Zambezi. Mun sa wa jirage inji, sauri ya ƙaru, kuɗi ya shigo, amma muka bar maganar dattijon bakin ruwa ta zama ba ta da ƙarfi.

Akwai kuma laifin da ke kan fasinja, wanda ba a cika faɗa ba, wato kunya. Mutum yana gani ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, zuciyarsa tana gaya masa ya sauka, amma yana tsoron a ce da shi matsoraci ko mai raunin imani, sai ya yi shiru. A nan ne ma'anar jarumta take juyewa. A cikin jirgin da ya yi lodi, jarumi shi ne wanda ya miƙe ya ce shi kam ya sauka, ya kuma sauke 'ya'yansa, ko da za a yi masa dariya.

Kada mutanen Zazzau su ce mu ba mu da babban kogi, maganar ba ta shafe mu ba. Idan damina ta yi nisa, cikin Agusta, Galma da Kubanni sukan cika su batse, yara kuma suna zuwa wanka ba mai kula da su, haka ma a kududdufan da aka haƙa don yin bulo. Sannan mu da muke zaune a bakin babbar hanyar Kano, muna ganin jirgin Warra kullum a kan taya: mutum huɗu a kan babur ɗaya ba hular kwano, matasa a saman lodin tirela, 'yan rakiyar amarya suna wasa da mota a tsakiyar jama'a. Halin guda ne, ko a ruwa ko a kwalta.

Abin da ya shafi marubuci

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga inda maganar ta iso ƙofarmu. Duk mai bin littattafan ƙagaggun labarai na Hausa ya san yadda hatsari yake da arha a cikinsu. Idan labari ya cije, ana son a raba masoya ko a mayar da yarinya marainiya, sai a kifar da mota a layi biyu, a ce Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, a wuce. Hatsarin yana faɗowa daga sama, ba shi da uwa ba shi da uba. Mai karatu da ya sha irin wannan sau ɗari, zai tashi da fahimtar cewa haka hatsari yake, ba a tambayar dalilinsa.

Alƙalami yana iya yin abin da ya fi haka. Idan za ka nutsar da jirgi a labarinka, ka kai mu bakin ruwan tun da hantsi. Ka nuna mana mai jirgin da bashin da ke kansa, da yadda ya dubi tsagar katako ya kau da kai. Ka nuna mana yaron da ke karɓar kuɗi yana cewa a matsa, akwai wuri. Ka nuna mana matar da ta so sauka, mijinta ya harare ta. Ka nuna mana tsohon da ya ce a jira jirgi na biyu aka ce ya cika tsoro. Labarin zai fi daɗi, domin mutane ne a cikinsa masu zaɓi, kuma wanda ya karanta zai tuna da shi ranar da ya tsaya a mashigi da iyalinsa. Haka kuma idan za ka zana jarumi, kada ka tsaya ga mai afkawa. Ka ba mu wanda ya san inda ake tsayawa.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka faro da ita ita ce, hatsari shi kaɗai ba ya mayar da aiki abin zargi. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum ya san abin da ya tunkara, ko ya yi masa tanadi, da kuma ko ran wa ya ɗora a kai, nasa ko na wasu da ba a shawarce su ba. Da wannan ma'auni, mai wasa da kwale-kwalen roba a ƙasar waje yana da 'yan tambayoyin da zai amsa. Al'ummar da ke zuba yaranta a ruɓaɓɓen jirgi shekara bayan shekara tana da waɗanda suka fi nasa yawa da nauyi. Rigakafi dai ya fi magani, kuma Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon gyarawa. Amin.